Bilenina ya rame, cikinsa ya lotsa: ina na yi kuskure?

Abu Sumayya, Jidda

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a kiwon kifin ruwan gishiri. Tankina lita 120 ne, wata uku ke nan da kafa shi. Akwai dutse mai rai (dutsen teku mai ƙananan halittu a jikinsa) kamar kilo 10, kifin kilawun (ɗan kifi mai ruwan lemo da fararen layuka) biyu, dodon koɗi shida da jatan lande ɗaya. Gansakuka mai gashi ta fara rufe duwatsun, sai na sayo bileni, ƙaramin kifin teku mai zama a kan duwatsu, irin mai cin gansakuka, wanda ake kira Salarias fasciatus, mako uku da suka wuce. Makon farko ba ya hutawa, kullum bakinsa na jikin gilashi. Yanzu cikinsa ya lotsa, ya fi zama wuri ɗaya, da la'asar kuma numfashinsa na sauri. Abincin gwangwani da nake ba sauran bai ko kallonsa, gansakukar da na sayo shi dominta kuma tana nan yadda take. Ma'aunin zafi na nuna digiri 29 da rana, gishiri 1.028 (nauyin ruwan in an kwatanta da ruwa zalla) a ma'aunin roba mai allura. Na auna sinadaran da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi: amoniya da naitarait sifili, naitaret 10. Ina goge gilashi duk bayan kwana biyu. Cuta ce ko me? In sa maganin tagulla? Kuma da ina da niyyar ƙara bileni mai ruwan zinariya, Midas, ko za su zauna tare?

Mai Murjani, Jidda

Wa alaikumus salam Abu Sumayya. Yunwa ce ke cin kifin nan. Ajiye maganar magani tukuna.

Bakin Salarias na kankara ne, ba na yanka ba. Haƙoransa ƙanana ne sirara, jere kamar na mataji, suna zaune a leɓe. Yana buga bakin a dutse ya kankaro siririn koren da ya lulluɓe shi, tare da dattin da ya kwanta a ciki da ƙananan halittun da ido ba ya gani. Wannan dattin ma shi ne kaso babba na abincinsa a teku. Doguwar gansakuka mai gashi ba ta shiga wannan baki da kyau, in ta wuce santimita ɗaya ko biyu yawancinsu ba sa kula ta. Shi ya sa taka take nan. Abin da ya ci a makon farko shi ne ɗan abin da tankin wata uku ya tara, ya cinye, kai kuma kana goge sauran duk kwana biyu, dodon koɗi shida na bi suna lashe abin da ya rage. Kifi ne mai dogon hanji da aka halitta ya yini yana kiwo, ba mai ci sau biyu ya kwanta ba. Yana kai santimita 13 zuwa 14, kuma tankin da ke iya ciyar da shi da kansa sai ya kai lita 200 ya kuma yi wata shida ko fiye.

Ka tsuguna ka dube shi ta gaba, ido da ido, lokacin da yake zaune a kan dutse. Mai ƙoshi za ka ga tumbinsa ya taɓa dutsen, zagaye kamar ya haɗiye ƙwayar wake. In cikin kawai ya lotsa amma naman bayan kansa na nan cike, akwai sauran lokaci. In bayan kan ya fara shiga ciki har kan ya fi jikin girma, to ya fara cin naman jikinsa, kwanakin da suka rage maka kaɗan ne.

Daga yau ka daina goge gilashin baya da na gefe biyu, na gaba kaɗai za ka riƙa gogewa. Ka rage dodon koɗin zuwa biyu, sauran ka ba wani. Doguwar gansakukar ka tuge ta da hannu, ka bar guntun gindinta a dutse, domin sabon tsiro mai taushi yana ci.

Sai ganyen nori, wanda ake naɗe sushi da shi. Ka nemi busasshe zalla, marar gishiri, marar mai, marar yaji. Na ciye-ciyen yara da ake soyawa da man riɗi ba ya yi. Yanki kamar faɗin yatsu biyu ya isa. Kada ka fara da maƙala shi a gilashi da matsi, bai san wannan abinci ba ne. Ka naɗe shi a ƙaramin dutse ka ɗaure da roba, ka ajiye dab da inda ya saba zama. Idan ya jiƙa ya yi laushi zai yi kama da abin da ya sani. Ka sa da safe, ka cire abin da ya rage kafin ka kashe fitila, kada ya ruɓe ya ɗaga maka naitaret. Wani a rana ta farko zai fara, wani sai ya yi kwana huɗu yana zagaya shi. Kada ka gaji, kuma kada ka riƙa sauya wa dutsen wuri.

Idan ya karɓi nori, ka jiƙa ƙwayoyin abinci masu sifirulina (garin wata koriyar halittar ruwa) da ɗigon ruwan tanki har su zama ƙulli, ka shafa a busasshen dutse mai kaushi, ka bari ya sha iska awa ɗaya ko biyu ya kama, sannan ka sa. Ta nan yake koyon ɗanɗanon abincin gwangwani, har wata rana ka ga ya tashi ya cafke ƙwaya a cikin ruwa. Ranar da ya yi haka, ya tsira.

Akwai kuma dabarar gona. Roba ɗaya ta lita 10, ka zuba tsohon ruwan da ka cire daga tanki, ka jera ƙananan duwatsu biyar ko shida, ka sa dutsen iska (wanda ke fitar da kumfar iska a ruwa), ka kunna mata fitila awa 14 a rana. Cikin kwana goma zuwa mako biyu za su yi kore shar. Ka riƙa sa ɗaya a tanki, in ya kankare shi tas ka mayar ka ɗauko wani. A cikin ɗaki za ka yi, ba a rufin gida ba, ranar Jidda za ta dafa ruwan kafin azahar.

Shaidar da za ka nema ita ce tambarin leɓe a gilashin baya, ƙananan zagaye a jere cikin koren, da kashi mai duhu kore-kore yana fita gunduwa-gunduwa. In ka ga yana ci sosai amma bai cika ba, kashin kuma fari ne dogo kamar zare yana binsa, to sannan ne za a yi maganar tsutsar ciki.

Abu Khalil, Makka

Maganar Malam Mai Murjani ita ce gaskiya, abinci ne kan gaba. Ni zan tsaya ne a kan lambobi biyun da ka kawo, 29 da 1.028, domin su ne suka sa numfashin la'asar.

Ruwa in ya yi zafi iskar da ke cikinsa raguwa take, in gishiri ya ƙaru ta ƙara raguwa, shi kuma kifi a zafi jikinsa ya fi neman iska ya fi ƙona abinci. Wato kifin da ba ya samun ci kana ƙara masa saurin ramewa. Abin da ake so 25 zuwa 26, kuma kada ya yi lilo fiye da digiri ɗaya tsakanin dare da rana. Mafi sauƙi ka kafa ƙaramar fanka ta riƙa hura saman ruwan, tana sauke digiri biyu zuwa uku. Ka juya famfon da ke kaɗa ruwa ya kalli sama har fuskar ruwan ta riƙa rawa. Ka mayar da lokacin fitila zuwa yamma da dare. Mukayyif ɗin ɗakin, wato na'urar sanyaya ɗaki, kada a kashe shi da rana don mutane sun fita. In duk wannan bai riƙe shi ƙasa da 27 ba a watannin Yuli da Agusta, sai na'urar sanyaya ruwa, babu wata hanya. Ƙanƙara a gora ta ranar gaggawa ce kawai, tana sauke zafi da sauri ya sake hawa da sauri, wannan hawa da saukar ya fi zafin kansa wahalar da kifi.

Fanka kuwa tana da farashinta: ruwa zai riƙa tashi. Tanki irin naka zai iya rasa lita biyu zuwa uku a rana. Ruwan ne ke tafiya, gishirin yana nan. Ka lissafa: lita 12 ta tashi daga 120 cikin kwana huɗu, gishirin da yake 35 cikin dubu ya koma kusan 39. Saboda haka ruwan cikawa kullum ruwan daɗi ne zalla, kada ka taɓa cikawa da ruwan gishiri. Ka manna alama a gilashi daidai bakin ruwa, ka riƙa cikawa safe da yamma, ko ka sayi ƙaramar na'urar da ke cikawa da kanta.

Kafin ka gyara 1.028 ɗin, ka tabbatar da ita. Ma'aunin roba mai allura, ƙwayar kumfa ɗaya ta maƙale a allurar ta isa ta ɗaga lambar, gishiri ya bushe a gindinta kuma ta daina motsi daidai. Ka samu rifraktomita, ma'aunin gishiri da ake ɗiga wa ruwa a leƙa ta cikinsa, ka daidaita shi da ruwan gwaji na 35, ba da ruwan daɗi kaɗai ba. In ya tabbata 1.028 ne, wato wajen 37 cikin dubu, ka sauke a hankali: kowace rana ka ɗebe lita uku zuwa huɗu ka mayar da ruwan daɗi, hakan na sauke kusan 0.001. Kwana biyu ko uku ka isa 1.025 ko 1.026, ka tsaya nan.

Za ka ji masu cewa ai Bahar Maliya gishirinta kusan 40 ne, kuma Salarias na rayuwa a cikinta, don haka babu komai. Gaskiya ne tana da wannan gishirin, amma yawancin kifin shago daga Indonesiya, Filifin, Siri Lanka ko Kenya ake kawo shi, tekunan da ke wajen 35. Shaguna da yawa ma suna riƙe kifi a ƙasa da haka. Ka auna ruwan ledar duk kifin da ka sayo kafin ka sake shi.

Ruwan da kake haɗa gishiri da shi kuma ka kula. Ruwan famfo ko na wayit, wato tankar ruwa, da ya kwana a tankin rufi bai dace ba, ko da an tace shi daga teku, domin ana ƙara masa ma'adinai da kulorin, ga abin da yake ɗauka a bututu. Na gora na sha ma an ƙara masa ma'adinai. Ka nemi ruwan RO, wato wanda na'ura ta tace, da ya bi ta matatar DI mai cire ragowar ma'adinai, har ma'aunin TDS, mai auna abin da ya narke a ruwa, ya nuna sifili. Wannan ne zai yanke wa gansakuka mai gashi abincinta daga tushe, aikin da ka ɗora wa bilenin. Gishiri wajen giram 38 a kowace lita, a zuba gishiri cikin ruwa ba ruwa cikin gishiri ba, famfo ya juya shi ya kwana, a auna kafin a zuba. Canjin lita 12 duk mako ya ishe ka.

Abu ɗaya na gidajenmu: turaren wuta da feshin maganin sauro. Sikima, na'urar da ke cire datti daga ruwa ta hanyar kumfa, tana zuƙar iskar ɗaki tana kaɗa ta cikin ruwa, duk abin da ke iskar zai shiga. Maganin sauro na feshi guba ne mai ƙarfi ga kifi, jatan lande ma ya fi saurin mutuwa. Kada a fesa a ɗakin, turare kuma a kai shi wani ɗaki. Hannun da aka shafa wa oud ko almiski a wanke shi da ruwa sosai har gwiwar hannu kafin ya shiga tanki.

Ummu Yasir, Yanbu

Malam Abu Sumayya, Allah ya ba shi lafiya. Kada ka sa tagulla a wannan tanki, ko ɗigo. Za ta kashe jatan landenka da dodon koɗi a take, dutse da yashi su shanye ta su riƙa sakinta wata da watanni. Tagulla maganin farin ɗigo ne da cutar nan mai kama da ƙurar zinariya a jiki, kuma ba ka ambaci ko ɗaya ba. Ga shi tana kashe sha'awar abinci, bileni kuma ba shi da ɓawo a jiki, yauƙi ne kawai ke kare fatarsa. Kifin da ya rame a ɗauke shi a kai tanki marar dutse marar kore, a zuba masa abin da zai ƙara hana shi ci, an gama da shi ke nan.

Ka haska shi da tocila da dare daga gefe. Ɗigo fari kamar ƙwayar gishiri a fiffike, ko yana goga jiki a dutse, ko yana tsayawa a bakin famfo yana shan ruwan da ke fita, waɗannan su ne alamun cuta. Amma in launinsa ne kawai ya koma dabbare-dabbare da dare ko in ya tsorata, ɗabi'arsa ce. Zama a dutse ma haka: ba shi da jakar iskar da ke riƙe sauran kifaye a tsakiyar ruwa, don haka yana dogare da ƙananan fiffiken ƙirjinsa yana juya ido ɗaya-ɗaya, 'yan gashin saman idon na kaɗawa. Zaman da ke da matsala shi ne wanda ba ya tashi ya yi kiwo.

Murfi fa? Ba ka faɗa ba. Bileni ɗan tsalle ne, danginsu ne waɗanda ake gani suna tsallake duwatsun bakin teku idan ruwa ya janye. Tunda za ka sa fanka, murfin gilashi ba zai yi ba, yana kulle zafi. Raga ta roba mai ido milimita 6 a firam, ka toshe gefen da wayoyi ke fita, nan suke bi. Ka sa masa wurin ɓuya daidai jikinsa, guntun bututun roba mai faɗin santimita biyu a cusa tsakanin duwatsu. Da wutsiya yake shiga ya bar kai a waje, in ya samu ramin da ya yarda da shi tsoronsa na raguwa, cinsa na ƙaruwa.

Midas ka haƙura da shi yanzu. A lita 120 bileni ɗaya ne, Salarias kan kori duk mai siffarsa. Da tun farko za a zaɓa, Midas ɗin ya fi sauƙin ciyarwa, domin shi a tsakiyar ruwa yake kamun abinci, yana cin daskararren maisis (ƙananan halittu masu kama da jatan lande) ba gardama. A Bahar Maliya yakan shiga garken kifin antiyas masu ruwan lemo ya ɓace a cikinsu. Sai dai shi ma yana kai santimita 13 kuma yakan ciji ƙananan kifayen da ake kira gobi. Wanda ya dace da ƙaramin tanki shi ne Ecsenius stigmatura mai ɗigo a wutsiya, bai wuce santimita 6 ba. Mai launi biyu, Ecsenius bicolor, yana da juriya amma yakan tsinki murjani mai tsoka in bai ƙoshi ba. Exallias brevis mai zanen damisa kada kyansa ya ja ka, murjani mai rai ne abincinsa. Wanda ake sayarwa da sunan bileni sukuta kuma ba bileni ba ne sam, dangin kifin mandarin ne, ƙananan ƙwarin dutse yake ci, zai rame a tankin wata uku fiye da wannan.

Na tekunmu, Bahar Maliya, kuwa akwai abin sha'awa. Meiacanthus nigrolineatus, gaba shuɗi-shuɗi baya rawaya da baƙin layi, yana da fiƙa biyu masu dafi a haɓar ƙasa. Babban kifi in ya haɗiye shi yakan tofar. Sai Ecsenius gravieri, marar dafi, ya ɗauki kamarsa sak yana yawo a fili babu mai taɓa shi. In ka ga ɗayansu a shago ka lura da ninƙayarsa: mai dafin yana shawagi a ruwa, mai kwaikwayon yakan koma ya zauna a dutse.

Abu Sumayya, Jidda

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ilimi. Na duba shi ta gaba, bayan kan bai shiga ba tukuna. Na ɗaura nori a dutse, na sa fanka, zafi ya sauko 26.5. Rifraktomita ya nuna 1.027. Babu ɗigo a jikinsa, amma da safe na ga farin kashi dogo. In fara maganin tsutsa ke nan? Kuma ƙarshen wata zan je gida Kano mako uku, yaya zan bar shi?

Mai Murjani, Jidda

Madalla, tunda bayan kai na nan. Farin kashi sau ɗaya ba hujja ba ce, Abu Sumayya. Hanjin da babu komai a ciki ma yauƙi fari yake fitarwa. Ka bar shi ya ci nori kwana biyar zuwa bakwai. In kashin ya koma kore, babu tsutsa. In yana ci cikin na cika amma farin zaren bai daina ba, sannan ka ba da maganin metronidazol a cikin ƙullin da kake shafa wa dutse, gwargwadon abin da aka rubuta a kwalin na kifi, kwana goma a jere. In hakan bai yanke ba sai maganin farazikwantel, a zuba a ruwan tanki, miligiram 2.5 a kowace lita, ka lissafa da ainihin ruwan da ke ciki, wanda bai fi lita 100 ba bayan dutse da yashi. Ka cire gawayin tacewa, ka cire kofin sikima amma ka bar ta tana aiki saboda iska, ka ƙara dutsen iska, ka maimaita bayan mako ɗaya.

Tafiya kuwa, mukayyif a bar shi a kunne a 25, dare da rana. Ɗakin da aka kulle a Jidda ba sanyi, ruwan zai wuce 32 cikin kwana biyu. Ka kafa na'urar cika ruwa da jarka biyu na lita 20, ka gwada ta mako guda kafin ka tashi, wanda zai riƙa leƙowa ya sake cika su a tsakiya. Ka sa ƙaramin famfon iska mai batir da ke tashi da kansa in wuta ta ɗauke. Abinci ka ƙulla na kowace rana daban a takarda ka rubuta ranar, kada ka miƙa wa kowa gwangwanin gaba ɗaya. Nori ka yanka guda ashirin da ɗaya, ka nuna masa yadda ake ɗaurawa da inda dutsen yake zama. Robar gona ka kafa ta yau, don kafin ƙarshen wata duwatsun su yi kore. Ranar tafiya ka zuba uku a tanki, ka bar sauran a ƙarƙashin fitila a musanya su bayan kwana goma.